Ku Tambayi Duba-gari: Wace doka ce ta hana a tara wa sauro ruwa?

Assalamu alaikum masu karatu. Tun da ruwan Agusta ya kankama, wasiƙun da ke shigowa wannan fili kusan duk a kan abu ɗaya suke: zazzaɓi, sauro, da ruwan da ya kwanta a ƙofar gida. Abin da ya ja hankalina bana shi ne, an rage tambayata wane maganin sauro ya fi kisa, an koma tambayar doka: wa ke da alhaki, wa za a kai wa ƙara, me majalisar jiha ke yi. Na ji daɗin haka, domin shekara 32 na yi ina aikin duba-gari kafin na yi ritaya, ina yawo lungu-lungu da ludayi da tocila da littafin notis a jaka, kuma abin da ya fi ba ni wahala a aikin nan ba sauro ba ne, raunin dokar da nake riƙe da ita ne. Na zaɓi wasiƙu shida, na taƙaita su, na cire sunaye kamar yadda muka saba.

Tambaya: Baba Duba-gari, barka da aiki. A layinmu akwai wani kango, mai shi ya haƙa ramin tushe da na masai shekara uku ke nan, ya tafi ya bar su a buɗe. Duk damina sai sun cika. Yarana biyu sun kwanta asibiti bana. Sau uku ina yi masa magana, sai ya ce ai filinsa ne. Akwai dokar da ta hana wannan, ko sai dai mu yi haƙuri? Daga wani magidanci a Gusau.

Amsa: Malam, Allah ya ƙara wa yara lafiya. Filinsa ne, babu gardama, amma sauron da ke tashi daga ramin ba ya tsayawa a iyakar fili, kuma doka ta san da haka tun kafin a haife ni da kai.

Bari in fara da rabon aiki, don ka san ƙofar da za ka buga. Kundin tsarin mulki na 1999 ya bar wa gwamnatin tarayya sha'anin magunguna da guba, da killace masu cututtuka masu yaɗuwa. Jadawali na huɗu na kundin kuma ya ɗora wa ƙananan hukumomi gyaran magudanun ruwa da kwashe shara da bahaya. Abin da ya rage a tsakiya, wato dokar lafiyar jama'a wadda ke cewa wane abu ne cutarwa ga maƙwabta, wa zai shiga gida ya duba, nawa ce tara, wannan aikin majalisar dokokin jiha ne. Jihohinmu na Arewa sun gaji tasu daga kundin dokokin Jihar Arewa na 1963, ita ma asalinta dokar Turawa ce ta 1917. Wasu jihohin sun yi wa tasu kwaskwarima, wasu sun ƙara da dokar tsaftar muhalli, amma ƙashin bayan bai canza ba: rami ko kwata ko duk wani ruwa kwantacce da ke barazana ga lafiyar jama'a abu ne da jami'in lafiya ke da ikon sa a kawar.

Ga yadda za ka yi. Ka sanar da mai unguwa tukuna, domin sau da yawa maganar kan ƙare a ƙofar gidansa, zumunci kuma bai ɓaci ba. In ba ta ƙare ba, ku rubuta koke zuwa sashen lafiya na ƙaramar hukuma, ku sa hannu ku uku ko huɗu, ku riƙe kwafi. Kafin ka tafi, ka ɗauki ludayi ka ɗebo ruwan ramin a kwalba mai haske. In ka ga ƙananan tsutsotsi suna wutsil-wutsil, to shaidarka ke nan, ta fi dogon bayani. Jami'in zai zo ya duba, ya ba mai filin notis da wa'adin kwanaki. In wa'adi ya cika bai cike ramin ba, sai sammaci zuwa kotun majistare, alƙali kuma yana iya cin sa tara, ko ya ba da umarni hukuma ta yi aikin a karɓi kuɗin a hannunsa.

Ba zan ɓoye maka inda gizo ke saƙa ba. Tarar da ke rubuce a tsofaffin dokokin nan an yanke ta ne lokacin da kuɗi ke da daraja, yau ba ta kai kuɗin buhun siminti ba, don haka mai hali ba ya jin tsoronta. Abin da ya fi motsa shi shi ne umarnin cike ramin da kuɗinsa, sai ku nace a kan wannan. Sannan ina roƙonka, kada ku zuba baƙin mai a ruwan kamar yadda wasu ke yi. Yana kashe tsutsar, amma yana tsiyaya cikin ƙasa ya ɓata rijiyoyin layin. Baraguzan gini da ƙasa sun fi, ko a yanka wa ruwan hanya ya wuce.

Tambaya: Baba, ni ɗaliba ce. Duk Asabar ɗin ƙarshen wata ana hana zirga-zirga daga ƙarfe 7 zuwa 10 na safe, muna share-share, ana yashe kwata, kotun tafi-da-gidanka tana cin tara. Amma a gidanmu babu watan da wani bai yi maleriya ba. To mene ne amfanin dokar? Daga wata ɗaliba a Kano.

Amsa: 'Yata, Allah ya yi miki albarka, kin taɓo abin da na daɗe ina faɗa a tarurruka. Tsaftar ƙarshen wata tana da amfani: tana rage ƙuda da ɓera, tana buɗe wa ruwa hanya kada ambaliya ta ci gidaje. Amma ba don sauron maleriya aka tsara ta ba. Gadon zamanin Buhari da Idiagbon ce, na yaƙi da rashin ɗa'a a tsakiyar shekarun 1980, kuma shara aka nufa da ita.

Mu a wurin aiki sauro iri uku muke bambancewa. Akwai kules, mai launin ƙasa-ƙasa, wanda ke miki kuka a kunne ya hana ki barci. Shi ne ɗan kwata da masai, ruwa mai ɗoyi yake so, kuma ba ya ɗauke da maleriya. Akwai anofilis, wanda in ya sauka a bango sai ya ɗaga gindi sama, macensa ce ke cizo cikin dare tana sa maleriya. Shi ba ruwansa da ƙazanta. Ruwan sama mai ɗan haske da rana ke duka yake nema: sawun tayar mota a layin da ba kwalta, sawun kofaton shanu a bakin tafki, ramin da aka ɗebi ƙasar bulo, gefen kududdufi, gonar shinkafa. Na uku edis ne, baƙi mai zanen fari a ƙafafu, za mu zo kansa a gaba. Ko a ludayi ana gane su: tsutsar anofilis kwance take a saman ruwa kamar tsinke, ta kules kuwa a rataye take, kai ƙasa.

To ki duba lissafin. A zafin ƙasarmu, daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana 7 zuwa 10 ne. Tsakanin Asabar ɗin tsafta da mai bi mata, an haifi uwa, ta haifi 'ya, an ga jika. Duk dokar da ke duba ruwa sau ɗaya a wata ta makara sau uku. Aikin sauro na mako-mako ne, kuma ido yake so wanda ya san abin da yake nema, ba tare hanya ba. A Legas ma, a 2016 kotun ɗaukaka ƙara ta ce umarnin gwamna na hana fita ranar tsafta ba doka ba ne tunda majalisa ba ta rubuta shi ba, a shekarar kuma jihar ta soke hanin. Darasin da na ɗauka daga nan shi ne, abin da ake so ya ɗore sai an rubuta shi ya bi ta majalisa.

Akwai abin da ya tsaya mini a rai har yau. A wata ƙaramar hukuma da na yi aiki, wani ɗan kwangilar hanya ya haƙi jar ƙasa a gefen wani ƙauye, ya bar ramuka manya-manya guda biyar, ya kwashe kayansa aka biya shi. Da damina ta faɗi na je da ludayina, duk inda na tsoma sai na ɗebo tsutsar anofilis. Na rubuta rahoto sau biyu, aka ce aikin gwamnati ne, ba hurumina ba ne. A makon nan kuma aka tura ni cikin ƙauyen, na ba wata tsohuwa notis saboda kaskon ruwan kajinta. Ta karɓa da hannu biyu tana ba ni haƙuri. Kafin kaka ta yi, ni na goya jikanyarta a babur da kawunta zuwa asibitin gari, tana jijjiga idanu sun kafe, ba ta kwana ba Allah ya karɓi abarsa. Ba ta kai shekara uku ba. An bar jaki ana dukan taiki, kuma ni aka ba sandar. Shi ya sa duk dokar da aka kawo mini in duba, abin da nake fara nema shi ne ko ta hau kan gwamnati da 'yan kwangilarta kamar yadda ta hau kan tsohuwa.

A gidanku kuwa, 'yata, ku riƙa zagaya tsakar gida da ƙofar gida duk Juma'a, ku cike duk wani kwari da ruwa ke kwanciya, kowa ya kwana cikin gidan sauro mai magani, har babban yayanki da ke cewa zafi.

Tambaya: Baba, gaisuwa daga nesa. Ina aikin jinya a Jihar Fulorida ta Amurka. A takardar harajin gidan da nake zaune akwai layi na musamman na kuɗin yaƙi da sauro, kuma da yamma mukan ga motar feshi. Wannan tsarin daga ina ya samo asali, kuma me zai hana a yi irinsa a gida? Daga wata 'yar Arewa a Amurka.

Amsa: 'Yata, Allah ya tsare ki a baƙon wuri. Layin nan da kike gani a takardar haraji ya haura shekara 100 da kafuwa, kuma majalisun jihohi ne suka kafa shi, ba gwamnatin tarayyarsu ba.

Bayan Ronald Ross ya tabbatar a Indiya a 1897 cewa sauro ke ɗaukar ƙwayar maleriya, Walter Reed da abokan aikinsa kuma suka tabbatar da haka game da shawara a Kyuba a 1900, sai jihohin Amurka masu fadama suka fara rubuta doka. Niyu Jasi ta yi tata a 1912, ta ba kowace gunduma damar kafa hukumar kashe sauro. Kalifoniya ta biyo baya a 1915 da dokar da ta bar mazauna yanki su kafa hukumarsu ta sauro, su ɗora wa gidajensu ɗan haraji don ɗaukar nauyinta. A Fulorida inda kike, hukumar farko ta irin wannan an kafa ta a 1925 a yankin Indian River. Ita kanta CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka da duniya ta sani, daga shirin yaƙi da maleriya ta tsiro a Atlanta a 1946, zuwa 1951 kuma aka ɗauka maleriya ta ƙare a ƙasar.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba su rushe hukumomin ba don maleriya ta tafi. Ma'aikatansu na nan rani da damina, suna ɗana tarko, suna ƙirga sauro, suna gwada shi a ɗakin bincike. A Fulorida da Kalifoniya har kaji ake ajiyewa a keji a wurare daban-daban, ana ɗibar jininsu a kai a kai, domin in zazzaɓin Yammacin Nilu ya shigo yanki, a jikin kajin ake fara ganin alamarsa kafin mutum ya kwanta. A Amurka, wannan cutar a 1999 ta fara ɓulla a birnin Niyu Yok, cikin 'yan shekaru ta game ƙasar. A dokar Kalifoniya, ma'aikacin hukumar yana da ikon duba fili, in ya samu ruwan da ke haifar da sauro a ba mai shi notis, in ya ƙi gyarawa ana iya cin sa tara har dala 1,000 a kowace rana. Kin ga irin notis ɗinmu ne, sai dai nasu yana da haƙora. Wasu hukumomin kuma kyauta suke raba wani ɗan kifi mai cin tsutsar sauro, a zuba a tafkunan wanka da aka yi watsi da su.

Amfanin shiri sai ranar da abu ya faru ake ganinsa. A Fabrairun 2016 gwamnan Fulorida na lokacin, Rick Scott, ya ayyana dokar ta-ɓaci ta lafiya a gundumomi huɗu saboda cutar Zika, mai sa a haifi jariri da ƙaramin kai. Da aka gano sauron gida yana yaɗa ta a unguwar Wynwood ta Mayami a tsakiyar shekarar, akwai ma'aikata da motoci da kuɗi a ƙasa, aka bi gida-gida. A 2023 ma an samu mutum 7 a gundumar Sarasota da suka kamu da maleriya ba tare da sun je ko'ina ba, karo na farko a ƙasar cikin shekara 20, aka tare ta cikin watanni.

Ba kuma cewa nake komai nasu daidai ne ba. A 2016 ɗin, wani feshi da aka yi da jirgin sama a gundumar Dorchester ta Karolina ta Kudu ya kashe ƙudan zuma miliyoyi, saboda sanarwa ba ta isa ga wasu masu kiwonsu ba. Duk jihar tamu da za ta rubuta dokar feshi, ta tuna da masu amya da masunta, ta wajabta sanarwa kafin a fesa.

Me zai hana a yi a gida? Sauronmu ya fi nasu naci a kan jinin mutum, ba mu da hunturun da ke kashe shi, gidajenmu da yawa ba su da waya a taga. An gwada ƙarfinsa a Garki, wadda yau take Jihar Jigawa, tsakanin 1969 da 1976, lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya suka yi feshin ɗakuna da rabon magani ga ƙauyuka da dama. Cutar ta ragu ƙwarai, amma ba ta yanke ba, da aka janye hannu kuma ta koma yadda take. Wasu sun karanta wannan a matsayin ba a iyawa. Ni abin da na karanta shi ne, aikin da za a yi na 'yan shekaru a tattara a tafi ba ya maganin sauro. Abin ɗauka daga inda kike shi ne hukuma mai zama, da kuɗin da doka ta keɓe mata wanda ba ya jiran alherin wani.

Tambaya: Malam, ni mai faci ne. Duba-gari sun ce in kwashe tsofaffin tayoyin da ke bayan shagona ko a kai ni kotu. Ni kuwa da su nake samun na cefane. Ba zalunci ba ne? Daga wani mai faci a Sakkwato.

Amsa: Ɗan'uwa, ba zalunci ba ne, amma ba lallai ka rabu da jarinka ba. Taya ita ce ɗakin haihuwar edis, sauron nan mai zanen fari da ke cizo da rana tsaka. Shi ke yaɗa shawara da zazzaɓin dengi, kuma a garinku hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka ta ƙasa ta tabbatar da ɓullar dengi a Nuwamban 2023. Ƙwansa yana manne a cikin taya, ya bushe ya yi watanni, ruwa na taɓa shi ya ƙyanƙyashe. Ka jera tayoyin a ƙarƙashin rumfa ko ka lulluɓe su da tamfol, waɗanda ba za su sake hawa mota ba ka huda su ruwa ya riƙa zuba. Bahon da kake gwada tub a ciki ka riƙa zubar da ruwansa kana goge gefen duk mako. In ka yi haka ka kira jami'in ya gani da idonsa, domin ruwan doka ta hana, ba tayar ba. Kuma in ba a taɓa yi maka allurar shawara ba ka je a yi maka, sau ɗaya ce ta isa har ƙarshen rayuwa. Cutar ta dawo mana tun 2017, a 2019 ma ta yi ɓarna a yankin Alƙaleri na Jihar Bauchi.

Tambaya: Baba, an fara yi wa ɗana allurar maleriya. Kishiyata ta ce tunda an yi masa, ba sai na ba shi maganin da ake rabawa gida-gida da damina ba, gidan sauro ma ba dole ba ne. Sannan wai gwamnati za ta hukunta wanda ya ƙi kai ɗansa. Gaskiya ne? Daga wata uwa a Birnin Kebbi.

Amsa: Hajiya, ki gaishe da abokiyar zamanki, ki ce mata Baba ya ce a nan ba ta yi daidai ba. Allurar R21 da aka fara a jihohin Kebbi da Bayelsa a Disamban 2024 sau huɗu ake yi: wata 5, wata 6, wata 7, sai ta ƙarshe a wata 15. Tana rage yawan kamuwa da tsananin ciwon, ba ta toshe ƙofa gaba ɗaya. Ba banza aka fara da jiharku ba: binciken ƙasa na 2021 ya samu ƙwayar maleriya a jinin kashi 49 cikin 100 na ƙananan yaran Kebbi, alhali a ƙasa baki ɗaya kashi 22 ne. Inda abu ya kai haka ba a ajiye makami ɗaya don an samu wani. Maganin damina na yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 ne, kwana uku a jere kowane wata, kada ki tsaya a na ranar farko da aka ba shi a gaban mai rabawa. Gidan sauro kuma kowane dare.

Batun hukunci, dokar kare haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ta ɗora wa iyaye su tabbatar an yi wa yaro ɗan ƙasa da shekara 2 cikakken rigakafi, jihohi kuma kowacce da sigar da majalisarta ta amince da ita. Amma ke da kika riga kika fara, abin da ke gabanki shi ne ki adana katin, ki cika huɗun. In jikinsa ya yi zafi a gwada jini kafin a ba shi magani. In ya kasa shan nono, ko yana amai ba tsayawa, ko ya fara jijjiga, kada a tsaya hayaƙi ko jiran gari ya waye, a nufi asibiti.

Tambaya: Baba, mu ƙungiyar matasan unguwa ne. Ɗan majalisar jiha mai wakiltarmu ya yarda zai zauna da mu. Muna so mu nemi ya kai ƙudiri a kan sauro, amma ba mu san me za mu ce ya sa a ciki ba. Daga sakataren wata ƙungiya a Gombe.

Amsa: 'Ya'yana, wannan wasiƙar ta faranta mini rai fiye da yadda kuke zato. Kada ku nemi a ba ku injin feshi da gidan sauro ɗari a ɗauki hoto. Ku nemi rubutu.

Ku ce masa ƙudirin ya ambaci ruwa kwantacce da sunansa, ya ce duk wanda ya haƙa rami, mutum ne ko kamfani ko ma'aikatar gwamnati, shi zai cike shi. Ga ɗan kwangila, a riƙe kason ƙarshe na kuɗinsa sai jami'in lafiyar muhalli ya sa hannu cewa ya rufe ramukan da ya ɗebi ƙasa, kwalbatin da ya gina kuma ruwa na wucewa. Wannan sashen shi za a fi yi wa gardama, domin wanzami ba ya son jarfa, kuma in aka cire shi sauran ƙudirin zai koma kan masu kaskon kaji. Masu buga bulo da masu wankin mota da masu gini su ma a sa musu sharaɗin a cikin lasisinsu. Ga talaka kuwa, a rubuta cewa notis da wa'adi ne farko, tara sai ga wanda ya ƙi, a kuma ɗaura tarar da wani ma'auni da ke tafiya da zamani don kada ta sake zama abin rainawa.

Sai mutanen da za su yi aikin. Tun 2002 akwai dokar tarayya da ta kafa majalisar da ke yi wa jami'an lafiyar muhalli rajista, makarantu kuma suna yaye su duk shekara, da yawansu na zaune ba aiki. Ƙudirin ya faɗi adadin jami'an da kowace mazaɓa za ta samu, ya kuma ce a ciki dole a sami mata. Wannan na faɗa ne daga abin da na gani: na sha tsayawa a zaure ana ce mini maigida ba ya nan, alhali randa da diram da rijiya duk suna cikin gida inda namiji baƙo ba ya shiga. Mace jami'a za ta yi sallama ta shige, ta buɗe murfin randa, ta zauna a tabarma ta yi wa matan gida bayani.

Ku 'yan Gombe kuna da wani dalili na musamman. A jiharku aka fara gano wani sabon sauron maleriya ɗan asalin Asiya a Najeriya, cikin samfurin da aka tattara a 2020, masana na kiransa Anopheles stephensi. Shi ba ya jiran damina. A tankin ruwa da diram da kwarmin ajiyar ruwa na wurin gini yake haihuwa, a tsakiyar birni, har da rani. Don haka ku nemi a sa sharaɗin rufe tankuna, a kuma ware kuɗin ɗana tarko da gwajin sauro tare da jami'ar jiha, a riƙa kai wa majalisa rahoto duk shekara wanda kowa zai iya karantawa. Masu yawo da jarka suna feshi a gidaje su ma a wajabta musu horo da lasisi, domin fiya-fiya da ake haɗawa a sayar a kwalba maganin ƙwarin gona ne, bai dace da ɗakin da jariri ke kwana ba.

Duk wannan ba zai tashi ba sai da kuɗi. A 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja za su riƙa ba lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafi, dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 kuma ta keɓe akalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don lafiya a matakin farko. Ku tambayi wakilinku nawa jiharku ta sa wa lafiya bana, nawa aka saki a ciki, nawa ya isa sashen lafiyar muhalli. Ku nemi layi guda a kasafi mai sunan yaƙi da sauro, wanda ba za a karkatar da shi ba.

Ku rubuta buƙatunku a shafi ɗaya, ku sami sa hannun mai unguwa da limami da shugabar ungozomomi, ku roƙi a gayyace ku ranar sauraron ra'ayin jama'a in ƙudirin ya kai gaban kwamiti. Ranar da za ku je wurin ɗan majalisar, ku bi unguwarku da safe da ludayi, ku ɗebo ruwa daga wuri biyar a kwalabe biyar, ku rubuta sunan layin a jikin kowacce, ku jera masa su a kan tebur kafin kowa ya fara magana.